Kwamfutar da ke Ɗakin Abba

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya kai ki Kano lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da kika samu.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. Shekara talatin na yi ina buga wasiƙun wasu a kan tafireta a ma'aikata, hannuna ya saba da magana, bakina bai saba ba. Jibi za ki tafi. An ɗauke ki ki kula da kwamfutocin ofis, a wannan lokaci da kowa ke tsoron abin da zai same su idan aka shiga shekara ta dubu biyu. Ba ni da ilimin da zan ƙara miki a wannan fanni, kin fi ni nesa ba kusa ba. Abin da nake da shi kurakurai ne, kuma dukansu a kan kwamfuta ɗaya na yi su, wadda ke ɗakin yayanki Abba, Allah Ya jiƙansa. Kina makaranta a Bida lokacin da abin ya faru, kuma labarin da aka ba ki da kika dawo ba shi ne gaskiya ba. Ni na ba ki shi.

Kin san yadda muka fara. Da na yi ritaya na gaji da bin motar Abuja ta hanyar Madalla kullum safe da yamma, sai na fasa bangon zaure na mai da shi shago, muka sa kwamfuta biyu, ana buga wa mutane takardu ana aika musu saƙo. Ta ukun muka kai ɗakin Abba a can ƙurya, domin ciwon sikila ya riga ya raba shi da jami'a, kuma ba kullum yake iya fitowa ba. Ta farko a shago ita ce ke da modem, ita ke kiran Abuja ta layin tarho, sauran biyun ta wurinta suke samun intanet. Wayoyinsu duka suna haɗuwa a ɗan akwatin nan mai fitilu da kuke kira hob, a ƙarƙashin teburina. Abba ne ya tsara komai a takarda. Baba Bulus kuma, maƙwabcinmu, wanda ya yi aikin tarho har ya tsufa, shi ya ja wayar daga shago ya bi da ita ta bango har ɗakin Abba, ya rufe ta da siririn katako saboda ɓera. Ni nawa bugu ne kawai. Na iya zama in buga shafi ba kuskure, amma abin da ke cikin cikin na'urar ban taɓa sani ba, kuma ban taɓa yarda a gaban mutane cewa ban sani ba.

A kan wannan kwamfuta yayanki yake rubuta littafinsa. Kusan shekara biyu yana yi. Da Hausa yake rubuta shi, don iyaye mata masu 'ya'ya irinsa: yadda ake gane ciwo zai tashi, abin da sanyi ke yi, dalilin yawan shan ruwa, da abin da yaro ke ji a ransa idan ana ce masa mayya ce ta kama shi. Akwai wata likita a ƙasar waje da suke musayar saƙo, tana amsa masa tambayoyi, yana juya amsoshin zuwa harshen da Innarki za ta gane. Idan ya gama babi sai ya kira ta ya karanta mata, inda ta ce ba ta gane ba ya gyara.

A damanar bara zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku a asibiti. Likita ya ce sauro ne, kuma zazzaɓi shi ke taso masa da babban ciwon. Na shiga kasuwa na sayo gidan sauro, na ɗauko guduma na ɗaura masa da hannuna kafin a sallame shi. Kusurwa uku na sami inda zan ɗaure. Ta huɗun babu, sai na buga ƙusa a jikin katakon da ke bin bango. Na ja da baya na duba aikina, raina ya yi fari.

Da ya dawo ya sami ƙarfin zama, sai ya kunna kwamfutarsa, ta ƙi shiga intanet. Na shago biyu suna aiki lafiya lau. Ya kira ni ya tambaye ni ko an taɓa wani abu a ɗakin bayan tafiyarsa. Na ce ba wanda ya taɓa komai. Ba ƙarya na yi niyya ba. A tunanina kwamfutar yake nufi, ita kuwa ko ƙura ba a share mata ba. Amma ban tsaya na yi tunani ba, domin akwai mutane a shago suna jirana, kuma na ji kamar tambayar da zargi a cikinta.

Hadiza, wannan tambaya za ki riƙa yi wa mutane kullum a wurin aikinki, kuma amsar da na bayar ita za su ba ki. Kada ki tsaya a kanta. Ki tambaya a hankali, ba tare da mutum ya ji kina neman mai laifi ba: an share ɗakin ne, an ja tebur, an yi fenti, an buga wani abu a bango? Idan kuma ke aka tambaya, ki faɗi duk abin da kika yi, har wanda kike ganin bai da alaƙa. Ki bar mai tambaya ya tace.

Sai Abba ya ce in je in duba hob in gaya masa fitila nawa ke ci. Ƙafafunsa ba su ɗaukarsa zuwa shago a lokacin. Na durƙusa ƙarƙashin tebur, tabarau na a aljihun wata rigar, na ga kore uku suna ƙyalli. Kwamfuta uku, fitila uku. Na koma na ce masa duka suna ci. Ya ce in tabbatar, na ce masa ai ni ba makaho ba ne. Sai daga baya na san ɗaya daga cikin ukun ta wutar akwatin ce da kansa, huɗu ya kamata in gani. Fitilar ɗakinsa a mace take. Da na faɗa masa daidai, a ranar zai gane wayar ce. Amma ya yarda da idon mahaifinsa, ya yi kwanaki yana jingine da matashi yana bin lambobi da saituna, yana neman cuta inda babu ita, har kansa ya riƙa sarawa.

Idan an aike ki ki duba abu, ki kawo abin da kika gani, ba abin da kika fahimta ba. Da na ce masa, ga fitila a nan, ga wata a nan, ga rami na uku ba komai, da ya wadatar.

A cikin makon wani mutum ya zo daga Abuja yana tallan kayan kwamfuta, mai jaka da taye da daɗin baki. Na ba shi labari. Ya tambaye ni wa ya buɗe na'urar a ƙarshe, na ce maƙwabcina ya hure mata ƙura kwanakin baya, tun kafin zazzaɓin Abba, kafin ya yi tafiya garinsu. Ya yi murmushi, ya ce ya san irinsu, tsofaffin ma'aikatan tarho, suna cire kati mai kyau daga cikin na'ura, wanda ake soka wa waya, su sa matacce su kai naka kasuwa. Mutumin nan ban san sunansa ba, ko shayi bai sha a shagona ba. Bulus kuwa shekara ashirin da biyu muna katanga ɗaya. Matarsa ce ta riƙe Innarki ranar da aka haife ki. Shi ya sha ɗaukar Abba a babur zuwa asibiti ina can Abuja a bakin aiki. Duk da haka maganar baƙon ta zauna mini, domin ta ba ni wanda zan ɗora wa laifi.

Washegari da hantsi Bulus ya dawo daga garinsu, ya ji labari, ya shigo da jakar kayan aikinsa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya shiga ɗakin Abba ya ɗan jima, ya fito. Ya same ni a shago da mutane, ya ce in zo waje yana son magana da ni mu biyu. Na ce ya faɗa a nan. Ya ce waya ce, ba wani babban abu ba, in ba shi dama ya ɓamɓare katakon. Sai na ce masa, a gaban malaman makaranta biyu da wata mata da ta zo buga takardar haya:

"Ka fara dawo da katin da ka cire tukuna, sannan ka taɓa mini bango."

Ya dube ni kamar bai ji Hausar ba. Ya ce, "Malam Salihu, ni?" Ya rufe jakarsa ya fita.

Abba ya ji daga ɗaki. Da na shiga ya ce, Baba, katin nan shi ne dai na da, na san shi. Na ce masa ya yi shiru, yaro bai san mutane ba. Bai ƙara ba, kin san shi.

Ba sai na fassara miki wannan ba. Abin da zan ce kawai, a inda za ki, za ki yi aiki da Yarbawa da Ibo da mutanen Filato da waɗanda ba ki taɓa jin sunan garinsu ba, kuma za a sami mai zuwa ya raɗa miki cewa ya san irinsu. Ki auna shekarun da kika san mutum da mintocin da kika san mai raɗar. Kuma duk wanda ya ce miki zo waje mu yi magana, ki tashi ki bi shi. Sau da yawa rufin asirinki yake nema.

Bayan kwana biyar babban ciwon ya taso, aka koma da Abba asibiti. Ina zaune a bakin gadonsa ina kallon yadda yake cije leɓe, sai na ƙudura a raina cewa zai dawo ya tarar da kwamfutarsa tana aiki. Ban gaya wa kowa ba. Na naɗe ta a zanin gado, na rungume ta a cinya a cikin bas har Abuja, na kai wani shagon gyara. Daga ɗakin Abba zuwa shagona taku ashirin ne. Da na ɗauko ta na ajiye a teburina na soka mata wayar ɗaya daga cikin masu aiki, da nan take ta shiga, da na san lafiyarta ƙalau. Wannan kin san shi tun ajin farko: a kawo mai ciwo wurin mai lafiya a musanya waya, a ga ko ciwon ya bi na'ura ko ya tsaya a wayar. Ni na tsallake taku ashirin na tafi Abuja.

Mai gyaran ya kunna ta, ya daddanna, ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta, sai an yi mata fomat. Na ce mece ce fomat. Ya ce wanke ta za a yi tas ta dawo sabuwa. Ya tambaye ni cikin Turancin kasuwa ko akwai wani abu a ciki. Ba zan zalunce shi ba, ya tambaya. Ni kuwa da na ji wanki, sai na tuna yadda muke wanke tafireta da fetur da buroshi, haruffa su fito fes, ba abin da ke samun takardun da ke cikin fayil. Akwai mutane a bayana suna jira, na ji kunyar in sake tambaya a ce tsoho bai waye ba. Na ce ya wanke.

Watanni kafin haka Abba ya roƙe ni in sayo masa kwalin disket ya kwafe aikinsa. Sau uku yana tuna mini. Kullum sai in ce idan na shiga Abuja. Ranar da na shiga Abujan kuma, ba disket na sayo ba, aikinsa na sa aka goge.

'Yata, kada ki taɓa goge abin wani sai kin kwafe shi, ko da ya rantse miki ba komai a ciki. Mai kawo na'ura sau da yawa ba shi ne mai ita ba. Ki tambaye shi ta wace ce, me ake yi da ita, ki faɗa masa da Hausar da kakarsa za ta gane cewa duk rubutun da ke ciki zai tafi ba zai dawo ba. Kalmar da ba ki gane ba kuma ki tambaya sau biyu, sau uku, ko layin bayanki ya kai titi. Kunyar minti ɗaya na guje wa.

Aka sallamo Abba ranar wata Laraba da la'asar. Na riga na mayar da kwamfutar mazauninta na share mata ƙura. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran in ga farin cikinsa. Ya kunna. Ya daɗe yana kallon gilashin. Ya buɗe nan, ya buɗe can. Ya tambaye ni inda aka kai ta, na gaya masa, har da alfahari. Sai ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa. Ni ban gane ba tukuna, na ce ya gwada intanet ɗin mana. Ya gwada. Ba ta shiga ba.

Innarki ce ta tambaya daga bayana, ta ce ina littafin. Ya ce babu. Saƙonnin likitar ma babu, har adireshinta.

Na so ya yi mini faɗa. Na so ya ɗaga murya sau ɗaya a rayuwarsa. Ya juyo ya ce, "Ba komai, Baba. Yana kaina, zan sake rubutawa."

Ya fara, da biro, a littafin makaranta, domin bai ƙara kunna ta ba. Shafi goma sha ɗaya ya yi. Mako bakwai bayan wannan Larabar muka kai shi makwancinsa.

Ban ce ni na kashe shi ba, kada ki ɗauka haka nake nufi. Kwanansa ne ya ƙare, kuma tun yana goye likitoci suke shirya mu. Amma mako bakwai na ƙarshe da Allah Ya ba shi, ya yi su ba aikinsa a gabansa, ba kuma Baba Bulus da ke zuwa su yi hira da yamma. Wannan ni na yi.

Da kika zo daga Bida kika tambaya, na ce miki ƙwayar cuta ce ta cinye littafin, kuma ta shiga ne bayan Bulus ya taɓa na'urar. Na ga yadda fuskarki ta canza. Kwana uku na zaman makoki Bulus yana zuwa ya zauna a bakin tabarma daga safe har azahar, ya kawo buhun ruwa, matarsa ta kawo abinci. Na amsa gaisuwarsa kamar ta baƙo. Ke kuma tun daga ranar ba ki ƙara gaishe shi ba, kina sauya hanya idan kin hango shi. A kan maganata kika yi.

Bayan arba'in Innarki ta ce in kwance gidan sauron a bai wa wani. Na sa guduma na zare ƙusar nan ta kusurwa ta huɗu, sai katakon ya tsage ya biyo ta. Ga waya a ƙarƙashi, ƙusar ta ratsa tsakiyarta, siraran jan ƙarfen sun tsinke. Na zauna a gadon Abba da ƙusar a hannuna, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Aka kira azahar ban tashi ba.

Ko a nan ban yi abin da ya kamata ba. Na mayar da katakon na rufe. Wata huɗu ina kwana ina tashi da abin, ina ganin Bulus yana wucewa da baburinsa, ina cewa gobe. Kada ki yi wannan. Neman gafara ba ya sauƙi don an jinkirta shi, kullum ƙara nauyi yake, kuma ba ki da tabbacin wanda kika ɓata wa zai jira ki.

Ranar da na je, na same shi a ƙofar gida yana gyara wata tsohuwar rediyo. Na zauna a benci na ajiye ƙusar a gabansa. Na fara magana, ya ɗaga hannu. Ya ce ya gan ta tun ranar da ya shiga ɗakin, da igiyar gidan sauro a ɗaure a jikinta, shi ya sa ya ce in fito waje. Na ce to me ya hana shi faɗa bayan haka, ko ta bakin matarsa, ya wanke kansa. Ya ce da fari fushi ne. Daga baya kuma, bayan an dawo da kwamfutar daga Abuja, ya shiga duba Abba wata rana ina masallacin Juma'a, ya nuna masa ƙusar, ya ce bari ya gaya mini kowa ya huta. Abba ya riga ya gano ta da kansa, yana kwance yana kallon bango. Ya riƙe hannun Bulus ya ce:

"Baba Bulus, don Allah ka bar shi. Gidan sauro ya ɗaura mini. Idan ya sani ba zai iya ɗauka ba."

Bulus ya ce shi ya sa ya yi shiru, ya ɗauki sunan ɓarawo a unguwa wata da watanni, domin yaron ya roƙe shi. Muka zauna a bencin nan, tsofaffi biyu, ba mai kallon wani. Da zan tafi ya ce in bar ƙofa a buɗe gobe, zai zo ya sauya wayar. Ya zo ya sauya. Ta shiga nan take.

Malaman nan biyu na bi su har makarantarsu na gaya musu gaskiya. Matar mai takardar haya ban same ta ba, an ce ta koma Tafa. Innarki na gaya mata ranar Juma'ar da ta wuce. Sai da ta gama tsintar shinkafar da ke gabanta, sannan ta ce in gaya miki kafin ki tafi, kada ki bar garin nan da ƙin mutumin da bai yi miki komai ba. Ke ce ta ƙarshe, domin ke na fi jin kunya.

Shafuka goma sha ɗayan suna cikin ambulan ɗin nan. Na buga su da kaina, ban canza ko wasali ba, na ajiye na hannunsa a wurin Innarki. Ban ce ki ƙarasa ba, ba nauyinki ba ne. Na dai ga bai kamata su zauna wuri ɗaya kawai ba.

Gobe kina da yini guda. Baba Bulus yana gida daga safe, na tambaya. Ki je ki durƙusa ki gaishe shi kamar yadda kike yi kina ƙarama. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ya san kin sami wasiƙar nan. Bayan haka, idan kin ga za ki iya, ki leƙo shago ki ce mini kin yafe. Idan ba za ki iya gobe ba, ba zan riƙe ki ba, ki tafi da albarkata duk da haka, ki rubuto lokacin da zuciyarki ta sauko.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya raba ki da sharrin ƙarfe da na mutum. Allah Ya ba ki ido mai gani da harshe mai taushi, Ya sa hannunki ya zama na gyara. Allah Ya jiƙan Abba, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka wa Bulus da alheri. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki gaishe da Gwaggonki ta Kano idan kin sauka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Salihu
Suleja